Ƙugiya Mai Gashin Fakara

Shekarun da jam'iyyu suka fito a ƙasar nan kamar shinge bayan ruwan farko, ni kitso nake yi a Sabon Gari, nan Maraɗi, ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu. Maigidana kuwa shufer ne a wani furoje na noman rani a Jiratawa, yana tuƙa wani Anasara mai auna ruwa. Ana nan sai ƙasa ta rikice, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, masu riƙe da furojen suka ce sun gaji, Anasara ya ɗaure kayansa. Da zai tafi ya raba abin da ba zai iya ɗauka ba. Kuku ya samu firigo mai sanyaya ruwa. Mai gadi ya samu gado har da katifa. Maigidana, da ya shekara shida yana kai shi yana maido shi, ya shigo gida da wata doguwar jaka da gwangwanin biskit, yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka.

Na buɗe gwangwani. Ƙugiyoyi ne ƙanana kamar farcen jariri, da zare kala uku, da ƙullin gashin tsuntsu, da ɗan littafi mai hotuna. A jakar kuma wata siririyar sanda ce gaɓa uku.

Na ce, "Malam, wanga shi ne rabonka?"

Ya ce, "Shi ne abin da ya fi so duk duniya."

"To mi ya hana shi tahiya da shi, ya bar muna abin da ba ya so?"

Ashe Anasaran nan mayen kamun kifi ne. Duk ƙarshen damina, in ruwan gulbi ya ja ya kwanta, sai ya sa maigidana ya kai shi wata kwanar gulbin a bayan Jiratawa, ya shiga ruwa ya yini. Ba ya sa tana a ƙugiya, ba ya sa tuwo. Gashin tsuntsu yake ɗaura mata da zare har ta koma kamar ƙwaron da ya faɗa ruwa ya nutse, kifi ya gani ya haɗiye. Maigidana ya shekara shida yana riƙe masa jaka yana kallo, saboda haka a ganinsa ya iya.

Mazan unguwa da aiki ya tsaya musu, gindin bishiya suke yini da butar shayi, suna musun wace jam'iyya ce za ta gyara ƙasa. Nawa bai je ba. Tabarma ya shimfiɗa a gefen rumfata, ya baje gwangwani, ya ce zai ɗaura ƙugiyoyi kafin ruwa ya zo. Mutumin da hannunsa ya saba da kwance notin taya! Ya damƙi ƙugiya ta kuɓuce, ya damƙa ta soke shi, ya yi salati, ya tsotsi yatsa. In ya yini ya gama guda, sai ka rantse tsintsiya ce akuya ta tauna ta tofar.

Na yi kwana huɗu ina haƙuri, ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Rana ta biyar na ce, "Ka cika gashi. Wane ƙwaro ne ke da geza kamar rago?"

"Ke mi kika sani? Littahin da harshen Anasara yake."

Gaskiyarsa, a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya. Amma hoto ba ya bukatar lakwal, wato karatun boko. Na karɓi littafin na duba, na karɓi ƙugiya.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Ka riƙe ƙugiya ta wajen lanƙwasarta da yatsu biyu na hagu. Ka goga wa zare kakin zuma don ya kama ƙarfe. Ka fara naɗi daga bayan idon ƙugiya, zagaye kusa da zagaye, kada wani ya hau wani, daidai da yadda ake naɗa wa yarinya kitson zare. Ka gangara har tsakiya ka dawo. Jikin ƙwaron ke nan, siriri, ba tumbi. Sai ka zaɓi gashi guda ɗaya tak, mai laushi, ka fige buzu-buzun gindinsa, ka riƙe shi ta kai ka shafa silallansa baya. Ka ɗaure kan a bayan ido, ka zagaya da gashin sau ɗaya da rabi. Hannu zai so ya ƙara, kada ka bar shi. Ka danne da zare, ka yanke saura, ka yi ɗan kai, ka ƙulle.

Da na gama na jefa ta a kwanon ruwa na ɗan kaɗa. Silallan nan suka buɗe suka rufe, suka buɗe suka rufe, sai ka ce ƙafafun wani abu mai rai da ke neman ceto. Maigidana ya daɗe yana leƙa kwanon. Daga baya ya ce, ƙasa-ƙasa, "Haka ta Anasara take."

Shi ke nan abin ya shiga raina. Tsakanin kai da kai, in mace ta tashi kafin wata ta zauna, sai in ɗaura guda. Gashin tsuntsun da Anasara ya bari ya ƙare, muka duba hoton tsuntsun a littafi, na ce wannan ai ɗan'uwan fakara ne. Maigidana ya samo fakara wurin maharba a kasuwa, muka fige gashin bayanta muka adana, naman ya shiga miya, karo na farko ke nan da gadon Anasara ya ƙosar da wani. Zare mai ruwan goro ya ƙare, na samo wurin tela. Baƙin ya ƙare, na ɗauki zaren kitsona. Kuma da yake hannuna kullum a gwangwanin kayan aikina yake, inda kibiyar tsaga gashi da mataji da man kitso suke, can nake zuba waɗanda na gama. Nan na yi wauta.

Akwai matar mahaucin unguwarmu, mace mai jiki, bakinta ya fi rediyo nisan zango. Ita ce babbar mai zuwa wurina, kuma duk inda ta kai kanta nan matan layi ke kai nasu. Wata safiya kanta na bisa cinyata, na gama rabin shuku, tana ba ni labarin wanda ya sauya jam'iyya sau uku a wata guda, sai na ce ta miƙo mini mataji. Ta zura hannu a gwangwani ba ta duba ba.

"Wayyo Allah! Kunama!"

Ta zaro hannu, ga ƙugiya maƙale a ɗan yatsanta, baƙin zare, gashin fakara na lilo. Na cire mata. Ta karkata gwangwanin ta leƙa, ta ga wajen talatin a kwance, jere. Sai ta ɗago ta dube ni.

Duk mace ta san ba a wasa da gashin kai. In an taje, takan tattara abin da ya zuba ta binne ko ta tura a tsagar bango, kada ya faɗa hannun mugu. Matan da ke zuwa wurina kuwa bar mini suke in share, don sun yarda da ni. Yanzu ga ƙarfe mai kamu, ga gashin tsuntsun daji, ga wani baƙin abu an naɗe an ƙulle, a cikin kayan mai kitso.

"Wanga baƙin, gashin wa ne?"

"Zare ne, Hajiya. Na kamun kihi ne."

"Kihi? Ina gulbin? Gulbin da yara ke ƙwallo cikinshi?"

Bazara ce, gulbi rairayi ne zalla. Ta miƙe, ta tsugunna ta tsince duk silin gashin da ke kan tabarma, har da na wadda ta riga ta, ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗaura kallabi a kan rabin shuku ta fita, ko takalmi sai a zaure ta sa.

Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa. Da farko an ce ina ɗaure mata ne don kada su kai kansu wani wuri. Kwana biyu sai siyasa ta shigo, don a shekarun nan ko akuya ta haihu sai an tambayi jam'iyyarta. Ƴan wancan ɓangare suka ce ƴan wannan ne suka saye ni in jawo musu ƙuri'un mata, shaida ga zare mai ruwan goro. Ƴan wannan suka ce a'a, a dubi baƙin. Ban taɓa jin abin da ya haɗa kan ɓangarorin nan ba sai ni: kowa ya hana matarsa zuwa rumfata.

Na fita ƙofar gida na yi faɗa. Na yi rantsuwa, na zagi wanda ya fara da wanda ya ɗauka. Aka ce, kun ji ko, mai gaskiya ba ya kumfar baki haka. Damina ta faɗi, tabarmata ba kowa sai kaji. Kitson nan kuwa shi ne tukunyar gidan tun da furoje ya rufe. Muka koma ci sau ɗaya a yini, maigidana ya daina haɗa ido da ni, ya tura gwangwanin biskit ƙarƙashin gado. Ga kaka na tafe, lokacin bukukuwa, lokacin da mai kitso ke tara abin da za ta ci shekara. In kaka ta wuce ba su dawo ba, sun tafi ke nan.

Sai na hau mota na tafi Tibiri wurin gwaggon maigidana. Tsohuwa ce ƴar bori, tana noman geronta a bayan gari, ba ta salla kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Na ce in akwai wanda ya san asiri ya san abin da ba asiri ba, ita ce. Na same ta tana tsinkar yakuwa. Na kwance ƙulli na zuba mata ƙugiyoyi a tafin hannu.

Ta juya guda, ta kai ta kusa da ido, ta sansana.

"Wane jahili ne ya ce wanga asiri ne?"

"Duk Sabon Gari, Gwaggo."

"Ƴan birni! Kowane iska da abin da shi ke so, wani jan zakara, wani baƙin bunsuru. Tun da uwata ta haihe ni ban ji wanda ya ce a ba shi hwakara ba. Ba jini, ba turare, ba a kira sunan kowa ba. Wanga ko ɓera ba ya ɗaurewa." Ranta ya ɓaci sosai, kamar maƙerin da aka nuna wa gwangwani aka ce garma ce.

Na ce to ta zo ta faɗa musu.

Ta yi dariya har taba ta zubo mata. "Ɗiyata, ni zan wanke ki? In na buɗe baki na ce ba asiri ba ne, sai su ce ga malamarta nan ta zo. Kin ce na kihi ne, to ki nuna musu kihi. Kuma ranar ki aiko a ɗauke ni. Ina son in ga kihin da ya kai wauta haka."

Dole muka jira. Ruwan farko na gulbi ja ne wur, kamar kunun kanwa, kifi ba ya ganin ko hancinsa. Sai da gero ya fara nuna, ruwa ya ja ya kwanta, maigidana ya je ya dubo ya ce lokaci ya yi. Na bi gida-gida ina neman shaidu. Matar liman ta yarda, don ita mace ce mai tsoron ɗaukar alhaki, kuma in ta faɗi magana a unguwa ta zauna. Matar mahauci ta ce ita ba za ta ba, ba za ta ba, amma ranar ita ta fara isa tasha. Muka cika bayan motar kasuwa, matar liman a wannan kusurwa da carbinta, Gwaggo a waccan da tabarta, kowa na kallon wani gefen hanya.

A kwanar bayan Jiratawa ruwa ya kai gwiwa, yana tafiya a hankali, ciyawa ta kwanto a bakinsa. Muka tarar da wani dattijo zaune da fatsarsa da gwangwanin tana. Muka yi masa barka da aiki, ya ce tun safe ko motsi bai ji ba.

Kafin a fara na miƙa wa matar liman ƙugiya mai ruwan goro, na ce ta duba da kyau. Ta duba, ta sansana, ta ce ita dai zare ta gani da gashin tsuntsu, ba tana ba tuwo. Na ce kowa ya ji? Aka ce an ji.

Maigidana ya haɗa sanda, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana tafiyar Anasara. Ya fara kaɗa igiya gaba da baya a sama, tana kuka fiu, fiu. Ya ce mu lura, haka ake yi. Kaɗawa ta uku ƙugiya ta wuce ta bayansa, ta cafki mayafin matar liman, ta ɗage shi daga kanta, ta ajiye shi tsakiyar gulbi. Baiwar Allah ta dafe kai da hannu biyu ta durƙusa tana salati.

Matar mahauci ta daka tsalle. "Kun gani! Ban hwaɗa ba? Mutane take kamawa!"

Dattijon nan ya tsamo mayafi da sandarsa, ya dubi maigidana cikin tausayi, ya ce, "Ɗana, ga tana, ɗauki guda, ba sai ka biya ba."

Maigidana har ya miƙa hannu. Na ce in ya taɓa tanar nan, ya nemi inda zai ci tuwo. Na tattare zane na soke a ƙugu, na shiga ruwa na karɓe sandar. Ni ban iya kaɗe-kaɗen nan ba, kuma ban ga amfaninsu ba. Na jawo igiya kamar kamu goma, na wurga ƙugiyar da hannu zuwa ɗaya gefen, na bar ruwa ya tafi da ita. Igiya ta miƙe, ta fara zagayowa a hankali ta nufo bakin ciyawa. Ba komai. Na sake, ba komai. Ina jin matar mahauci a bayana tana cewa rana na yi, ita ta bar tuwo bisa wuta.

A jifa na biyar, daidai inda igiya ta gama zagayowa, sai na ji an fizge ni har cikin kafaɗa. Sanda ta lanƙwashe. Maigidana na ihu, "Ɗaga! Saki! A'a, ɗaga!" Ban bi ko ɗaya ba, na ja da baya kawai har na fito tudu, ga karfasa kamar tafin hannun namiji tana tsalle a rairayi, gashin fakara a gefen bakinta. Na koma ruwa. Kafin inuwa ta karkata na fitar da huɗu.

Na jera su a kan ciyawa, na riƙe ƙugu, na juyo na dubi shaiduna. Wata huɗu ina jiran wannan juyowar.

 Dattijo ya dubi gwangwanin tanarsa, ya dubi kifina, ya ɗan matsar da tabarmarsa nesa da ni. Matar mahauci ta dafa ƙirji.

"La'ilaha illallahu. Ga tana mai rai tun sahe sun ƙi, sun zo sun ci gashi da zare? Da ji nake, yau na gani da idona."

Na ce, "Hajiya, kama da ƙwaro ta yi musu!"

"Kihi bai san ƙwaro ba? Cikin ruwa aka haihe shi!"

Na juya wurin matar liman. Ta ja jiƙaƙƙen mayafinta ta rufe baki, ta ce ita abin da ta gani za ta faɗa: ta duba babu komai a ƙugiyar, kuma kifi ya zo. Allah shi ne masani. Na juya wurin Gwaggo, ita kaɗai ta rage mini. Tana tsugune tana juya karfasa da tsinke. Ta yafito ni da hannu, ta kawo baki kusa da kunnena, amma da muryar da har dattijo ya ji.

"Ɗiyata, tsakanina da ke. Mi kika tohwa mata?"

A mota ba wanda ya zauna kusa da ni sai kifi. Na soya su da yamma, muka ci ni da maigidana da yara, ina ci ina huci. Na ce gobe zan nemi tallan ƙosai, kitso ya ƙare.

Da safe ina shara sai na ji sallama. Matar mahauci ce, da ƙullin nama a hannu, tsoka zalla ba ƙashi. Bayanta mata uku. Ta ce dama wucewa take ta ce bari ta gaishe ni, kuma kanta ya tsufa. Kafin hantsi rumfa ta cika har zaure. Ashe lissafin da suka kwana yi shi ne, macen da ke kiran kifi daga cikin ruwa ba a gaba da ita, kuma ba wadda ke son a ce ita ce ta ƙarshen dawowa. Wasu kuma da bukatarsu. Wannan ta raɗa mini cewa rumfar mijinta ba ciniki, ko zan taimaka da ƙugiya guda. Waccan ɗanta ya tafi Legas ya yi shiru. Har wani mai neman kujera ya aiko ƙanwarsa da turmin atamfa, wai ɗari yake so, kalar tutarsu.

Kowa na ba shi amsa ɗaya, da ƙarfi yadda na zaure zai ji: na kifi ne, kuma ba na bayarwa. Sai su gyaɗa kai su ce, "Haka ne, na kihi ne," suna kashe wa juna ido. Ƙin da na yi ma ƙara mini girma ya yi, aka ce mai abin gaske ba ta tallansa. Kakar nan na yi kitso har yatsuna suka daina lanƙwasuwa, tukunya ta koma hawa wuta sau uku.

Amma ranar farkon nan ita ce ba na mantawa. Matar mahauci ta kwantar da kai a cinyata. Matar da shekara goma ba ta taɓa bari na kama layi guda ba sai ta ce na cika ja, sai ta buge mini hannu, sai ta karɓi madubi ta ce a warware. Ranar na tsaga, na kama, na yi layi uku, ko tari ba ta yi ba. Haushi ya kama ni, na kama gashin ƙeya na ja da gangan, irin jan da ke ɗage gira.

"Da zahi, Hajiya?"

"A'a, Yaya, ko kaɗan," in ji ta, ga ƙwalla na gangaro mata ta gefen hanci. Matar da ta girme ni da shekara biyar.

Na tsaya da gashinta a hannuna ina jiran ta zage ni, ko ta buge mini hannu sau ɗaya. Ba ta yi ba. Sai na sassauta, na warware layin, na sake kama shi a hankali.